Darasi na 11: Manyan Jirage da Ƙanana a Sarari Ɗaya

Wanda ya tashi daga Nyanya zai je filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ya san tafiya ce ta gaske. Sai ya haura Kugbo, ya bi ta AYA, ya ratsa cikin gari, ya kama titin Lugbe, kuma idan cunkoson safiya ya rutsa da shi yana iya cin awa biyu a hanya. Amma a miƙe, tsakanin Nyanya da titin saukar jirage kimanin kilomita 35 ne kawai, tazarar da jirgin fasinja yake cinyewa cikin 'yan mintoci. A lissafin matuƙa jirgi, Nyanya da Karu da Mararraba duk maƙwabtan filin jirgi ne.

Jiragen da ke ratsa sararin Abuja ba iri ɗaya ba ne. Akwai manyan jiragen fasinja daga Legas da Kano da Maiduguri da Jidda da Landan. Akwai ƙananan jiragen haya da na attajirai, da jirage masu saukar ungulu na 'yan sanda da na soja, da jiragen fadar Shugaban Ƙasa, waɗanda mazauninsu yake cikin wannan filin. A titi ɗaya mai tsawon mita 3,600 da 'yan kai masu fukafukai suka daɗe suna sauka suna tashi. Shi ya sa da aka rufe shi don gyara na mako shida a watannin Maris da Afrilun 2017, sai da aka mayar da jiragen Abuja zuwa Kaduna.

To me ke hana su karo? Idan ka tambayi mutane za su ce ai sama tana da faɗi, matuƙi kuma yana da ido. Duka biyun gaskiya ne, sai dai a wannan darasi za mu ga cewa ba su wadatar ba.

Inda babba da ƙarami ke haɗuwa

Can ƙololuwar sama an raba wa jirage hawa-hawa. Mai nufar gabas yana kan ƙafa 31,000 ko 33,000 ko 35,000, mai nufar yamma yana kan 32,000 ko 34,000 ko 36,000, tsakanin kowane biyu akwai ƙafa 1,000, wato kusan mita 300. Yawancin ƙananan jirage masu farfela ɗaya ba sa kaiwa can. Galibi suna zirga-zirgarsu ne ƙasa da ƙafa 10,000. Ke nan babban jirgi ba ya haɗuwa da su sai lokacin da ya tashi yana haurawa ko yana gangarowa zai sauka, wato a kewayen filin jirgi, inda kowa wuri guda ya nufa.

Jirgin fasinja yana sauka ne a kan gangara ta digiri 3. A kowace kilomita yana sauke kimanin ƙafa 170. Idan ya rage masa kilomita 35, yana wajen ƙafa 6,000 sama da titin, daidai hawan da ƙaramin jirgi ya fi son bi. Ga kuma bambancin gudu. Ƙasa da ƙafa 10,000 ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada jirgi ya wuce kimanin kilomita 460 a awa, kuma ko da ya zo dab da titi, jirgi irin Boeing 737 yana yin wajen 260. Ƙaramin jirgin koyo irin Cessna 172 kuwa, iyakar tafiyarsa ta yau da kullum wajen 200 ce.

Duk wanda ya taɓa ganin tirela tana gangarowa daga AYA zuwa Kugbo, ga ɗan acaɓa a ƙarƙashin hancinta, ya ga rabin matsalar. Direban yana can sama, ba ya ganin abin da ke dab da shi a ƙasa, mai babur kuma ba ya ganin bayansa. Sauran rabin shi ne jirgi ba shi da birkin tsayawa a sama, idan ya rage gudu fiye da kima faɗowa zai yi.

Abin da ya faru ke nan a birnin San Diyego na Amurka ranar 25 ga Satumba 1978. Gari ya waye tangaran, babu hadari babu hazo. Jirgin kamfanin PSA ƙirar Boeing 727 yana gangarowa zai sauka, wani Cessna 172 kuma yana atisaye a kusa da filin. Jami'in kula da zirga-zirga ya sanar da matuƙan babban jirgin, suka ce sun hango shi, aka bar musu nauyin kauce masa. Jim kaɗan sai ya ɓace musu, amma ba su fito fili sun faɗa ba, suka ɗauka sun wuce shi. Ashe yana ƙarƙashin hancinsu. Shi kuma Cessna fukafukansa a kan rufinsa suke, na ciki ba sa ganin abin da ke saukowa ta samansu daga baya. Mutum 144 suka mutu: 135 a babban jirgin, biyu a ƙaramin, bakwai kuma a unguwar da tarkacen ya faɗa.

Iyakar ido

Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwa haka ne. A sama kuwa akwai abubuwa da ke yaudarar sa, kuma ya kamata mu tsaya a kansu sosai, domin su ne tushen duk dokokin da za su biyo baya.

Na farko lokaci ne. Hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango wani abu, ya gane jirgi ne, ya fahimci za su yi karo, ya yanke shawarar inda zai kauce, ya motsa hannu, jirgin kuma ya amsa, ana buƙatar sakan 12 da rabi. Mu yi lissafi tare. Babban jirgi yana gudun kilomita 460 a awa, ƙarami yana 200, suna fuskantar juna. Haɗa biyun, 660 ke nan a awa, wato kilomita 11 a minti ɗaya, ko mita 183 a kowane sakan. Idan suka hango juna daga kilomita 5, suna da sakan 27. Idan daga kilomita 2 ne, sakan 11 kacal suke da shi. Lokaci ya ƙure tun kafin hannu ya kai ga sitiyari.

Yanzu ku tuna da hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska tana kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta lulluɓe Maiduguri da Kano da Kaduna har Abuja. Akwai ranakun da mutum ba ya hangen abin da ya wuce kilomita ɗaya. Saboda haka ne doka ta raba tuƙi gida biyu. Akwai mai tuƙi da ido, wanda yake kallon ƙasa da sarari ta taga, kuma ba a yarda ya tashi ba sai ana iya hangen aƙalla kilomita 5, yana kuma nesa da gajimare. Akwai mai tuƙi da na'ura, wanda yake bin allunan gabansa da umarnin jami'ai, ko da taga ta zama fara fat. Jiragen fasinja duk a kan tsari na biyu suke. Ƙananan jirage da yawa a kan na farko.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Jirgin da za ka yi karo da shi ba ya motsi a gilashinka. Wanda zai wuce ta gabanka ko ta bayanka za ka ga yana zamewa zuwa dama ko hagu, ido kuma an halicce shi da saurin kama abu mai motsi. Amma wanda hanyarku za ta haɗu a wuri guda a lokaci guda, tsayawa yake cik a gefe ɗaya na gilashi, ɗan ɗigo, ya daɗe a haka, sai a sakan na ƙarshe ya bunƙasa ya cika taga. Shi ya sa ake koya wa ɗaliban tuƙi, irin waɗanda ke Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, su riƙa duba sarari gutsure-gutsure, suna ɗan dakatawa a kowane ɓangare, suna leƙa bayan ƙarfen taga, maimakon su share shi da kallo ɗaya.

Idan an hango juna da wuri, akwai ƙa'idar da duniya ta amince da ita. Masu fuskantar juna, kowa ya karkata dama. Idan hanyoyi za su gitta, wanda ya ga ɗan'uwansa a damansa shi zai ba da hanya. Mai shirin sauka yana gaba da mai wucewa. Ƙa'ida ce mai kyau, amma sai an gani take aiki.

Mu ma abin ya taɓa mu

Ranar 1 ga Maris 1978, kusan wata bakwai kafin na San Diyego, jirgin Nigeria Airways ƙirar Fokker F28 ya yi karo da jirgin koyo na sojan sama ƙirar MiG-21 a filin jirgin Kano. Jirgin sojan yana atisayen nan ne da ake taɓa titi a sake tashi. Mutum 16 na jirgin fasinjan da biyu na jirgin sojan duk suka rasu. A nan Abuja ma, ranar 28 ga Satumba 2018, jiragen yaƙi biyu ƙirar F-7 suka gogi juna suna atisayen bikin 'yancin kai, suka faɗo a yankin dutsen Katampe. Matuƙa uku suka dire da laima, ɗayansu, hafsa Bello Baba-Ari, ya rasu. Allah Ya jiƙan su baki ɗaya. Na Katampe ba da jirgin fasinja ba ne, amma ya nuna mana cewa ko ƙwararrun da ke kallon juna ido da ido kuskure na iya gitta musu.

Masu hasumiya da masu rada

Tunda ido bai isa ba, sai aka sa wa sararin da ke kewaye da manyan filaye shinge. Ba a ganinsa, amma yana nan a zane cikin taswirar kowane matuƙi, da faɗinsa da hawansa. Babu mai shiga sai ya yi sallama ta rediyo an ba shi izini. A Nijeriya hukumar NAMA ce ke riƙe da wannan aiki. Hukumar NCAA ita ke kafa doka da ba da lasisi, FAAN tana kula da filayen, NiMet tana ba da labarin yanayi, NSIB kuma tana binciken haɗurra.

Jami'an NAMA kashi-kashi ne. Na cikin hasumiya yana kula da titi da abin da ke dab da shi. Na gaban rada yana jera jiragen da ke zuwa da masu fita, ya ce wa wannan rage gudu, wancan juya hagu, wancan dakata ka yi ta kewaye har a kira ka. Akwai kuma manyan cibiyoyi biyu, Kano da Legas, masu kula da jiragen da suka yi nisa a sama. Aikinsu duka ɗaya ne: kada jirage biyu su kusanci juna fiye da ƙafa 1,000 a tsaye, ko kimanin kilomita 9 a kwance, wanda akan rage zuwa 5 da rabi a kusa da wasu filaye. Ƙaramin jirgin da ke bin bayan babba akan ƙara masa tazara, domin fukafukan babban suna barin guguwa a bayansu wadda za ta iya kifar da shi.

Da Turanci ake maganar, cikin kalmomi ƙayyadaddu waɗanda hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsara. Muhimmin abu a ciki shi ne maimaitawa. Idan jami'i ya ce a sauka zuwa ƙafa 5,000, dole matuƙi ya maimaita adadin tare da sunan jirginsa, jami'i kuma ya saurara ya tabbatar abin da ya faɗa aka ji. Cewa «to» ba ta wadatarwa.

Haka nan jami'i yana ba kowa adadin nauyin iska na wannan lokaci, don a daidaita ma'aunin hawa. Ma'aunin nan da nauyin iska yake aiki, nauyin iska kuwa yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga safe zuwa yamma. Idan jami'i ya ce 1003, matuƙi ya bar nasa a 1013, zai zaci ya fi inda yake hawa da kusan ƙafa 300. Kusan sulusin tazarar da ke raba shi da na ƙasansa ya tafi ke nan. Ma'auni mai matsala kuwa ya fi haka muni. Ranar 5 ga Satumba 2015, a sararin gabashin Senegal, wani ƙaramin jirgin ɗaukar marasa lafiya da ya taso daga Wagadugu zuwa Dakar ya gogi Boeing 737 na kamfanin CEIBA da ya taso daga Dakar zuwa Kwatano. An ajiye ƙaramin a ƙafa 34,000, sai ga shi a 35,000, hawan babban. Babban ya sauka lafiya a Malabo. Ƙaramin ya wuce Dakar ya faɗa Tekun Atlantika da mutum bakwai, masu bincike kuma suka gano cewa ma'aunin hawansa yana da matsala tun kafin ranar.

Ƙarami ya bayyana kansa

Rada iri biyu ce. Ta farko tana aika sigina, ya daki jikin jirgi ya dawo. Tana nuna cewa akwai wani abu a wuri kaza, amma ba ta san wane ne ba, ba ta san hawansa ba. Ta biyu tambaya take aikawa, wata na'ura a cikin jirgin mai suna tiransfonda ta amsa da lamba huɗu da jami'i ya ba shi, tare da hawan da yake. Akwai lambobin da aka keɓe: 7700 na nufin jirgi yana cikin gaggawa, 7600 rediyo ta mutu, 7500 an yi fashin jirgi. A 2010 aka ƙaddamar da aikin TRACON, wanda ya kafa rada a wurare tara a Nijeriya. Legas da Kano da Abuja da Fatakwal suna da iri biyun. Talata Mafara da Maiduguri da Numan da Ilori da Obubra suna da mai tambayar kaɗai. Ma'anar wannan a fili take: jirgin da ya kashe tiransfonda, waɗannan biyar ba za su san yana sama ba.

Darajar wannan na'ura da jini aka gane ta. Ranar Lahadi 31 ga Agusta 1986, wani magidanci ya tashi da matarsa da 'yarsa cikin ƙaramin jirgi ƙirar Piper a kusa da Los Anjelis. Ya kutsa cikin sararin da aka killace ba tare da izini ba, bai yi magana da jami'in rada ba, tiransfondarsa kuma ba mai faɗin hawa ba ce. Jami'in hankalinsa ya tafi kan wani ƙaramin jirgin da shi ma ya kutso. A kan garin Seritos, wajen ƙafa 6,500, Piper ya daki wutsiyar jirgin Aeroméxico ƙirar DC-9. Mutum 64 na babban jirgin, da ukun nan, da mutum 15 da ke cikin gidajensu, duk suka mutu, jimla 82. Bayan wannan ne Amurka ta wajabta wa duk jirgin da zai kusanci manyan filaye tiransfonda mai faɗin hawa, ta kuma wajabta wa jiragen fasinja na'urar da za mu yi bayani yanzu.

A ganina wannan shi ne zuciyar darasin. Babban jirgi ba ya ɓuya, kowa yana ganinsa yana jin sa. Nauyin bayyana kai a wuyan ƙarami yake: ya kunna tiransfonda, ya kunna fitilu ko da rana ce, ya yi sallama kafin ya shiga, ya faɗi inda yake da gaskiya, idan kuma ya rikice ya ɓata hanya ya ce ya ɓata, kada kunya ta hana shi.

Na'urar gargaɗin karo

Sunanta TCAS. Ƙa'idar ICAO ta ce kowane jirgi mai injin tabain da ya wuce kilo 5,700, ko mai ɗaukar fasinja fiye da 19, ya kasance da ita. Ba ta jiran jami'in ƙasa. Da kanta take tambayar tiransfondar jiragen da ke kusa, ta lissafa saura sakan nawa su haɗu. Idan ya rage kamar sakan 40, sai ta yi magana ta ce akwai jirgi, a duba. Idan ya rage kamar 25, sai ta ba da umarni, ko a hau ko a sauka. Idan jiragen biyu suna da ita, na'urorin suna shawara da juna, ɗaya ta ce hau, ɗaya ta ce sauka. Ba ta cewa a juya dama ko hagu, ba ta kuma neman a fizgi jirgi. Motsi ne matsakaici, wanda fasinja zai ji kaɗan kawai.

Haɗurra biyu sun koyar da yadda ake mu'amala da ita. Ranar 7 ga Nuwamba 1996, Boeing 727 na kamfanin ADC ya taso daga Fatakwal zuwa Legas da mutum 144. Yana gangarowa, wani Boeing 727 na kamfanin Triax yana haurawa daga Legas zuwa Inugu, jami'in rada kuma bai bar tazarar da ta kamata tsakaninsu ba. Na'ura ta yi gargaɗi, matuƙin ADC ya karkata jirgin da ƙarfi don ya kauce, karkatar ta wuce kima, jirgin ya ƙwace ya faɗa ruwa a kusa da Ejirin. Ba a yi karon ba, amma babu wanda ya tsira. Cikin mamatan akwai Farfesa Claude Ake, masanin siyasa da tattalin arziki.

Na biyu ya faru ne a kudancin Jamus, daren 1 ga Yuli 2002. Jirgin Rasha ƙirar Tupolev, mafi yawan fasinjojinsa 'yan makaranta, ya doshi jirgin kaya na DHL. Na'ura ta ce wa na DHL sauka, ta ce wa na Rasha hau. Jami'in ƙasa, wanda bai san abin da na'urorin suka faɗa ba, ya ce wa na Rasha sauka. Suka bi maganar jami'i, jiragen biyu suka gangaro tare, suka yi karo, mutum 71 suka mutu. Tun daga nan aka yanke hukunci ba tare da kwana-kwana ba: idan na'ura da jami'i suka saɓa, na'ura ake bi, sannan a sanar da jami'i.

Amma tana da iyaka biyu da suka shafi darasinmu kai tsaye. Ba ta ganin jirgin da ba shi da tiransfonda ko wanda ya kashe ta. Kuma idan jirgi ya yi ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, tana daina ba da umarnin hawa ko sauka, don kada ta tura shi ya daki ƙasa. Wato a dab da titi, inda cunkoso ya fi yawa, nan ne ta fi rauni.

A irin wannan hawan ne aka yi karo a kusa da wani filin jirgi na Washinton daren 29 ga Janairu 2025. Jirgin fasinja da mutum 64 yana dab da sauka, jirgin soja mai saukar ungulu ƙirar Black Hawk da mutum uku yana bin kogin Potomak. Hanyarsa ba ta yarda ya wuce ƙafa 200 ba, sai ya ɗan haura. Matuƙansa sun ce sun ga jirgin fasinjan, za su kauce masa da ido. Duka 67 suka mutu. Da masu bincike suka duba bayanan baya, sai suka tarar cewa daga 2021 zuwa 2024 jiragen fasinja da masu saukar ungulu sun kusanci juna fiye da sau 15,000 a wannan fili. Alamun sun daɗe suna nan, ba a tattara su an yi aiki da su ba. Daga baya aka rufe wannan ɓangare na hanyar.

Filayenmu na Abuja da Kano da Maiduguri duk soja da farar hula ne ke amfani da su tare. Darasin Kano na 1978 da na Washinton iri ɗaya ne: kaki ko girman wanda ke cikin jirgi bai kamata ya cire shi daga layi ko daga idon rada ba. Kuma duk lokacin da jirage biyu suka kusanci juna, ko da babu abin da ya faru, a rubuta rahoto, kada a tsangwami wanda ya kawo shi. Ma'aikacin da ya san za a hukunta shi don ya faɗi kuskurensa, ɓoyewa zai yi.

Namu rabon, mu na ƙasa

Wani zai ce mu da ba matuƙa ba ina ruwanmu? Ku tuna bakwai na San Diyego da 15 na Seritos ba su sayi tikiti ba. Ban da haka, yau ƙaramin jirgin da ya fi yawa a sararinmu a hannun 'ya'yanmu yake. Jirgi maras matuƙi ya zama kayan aikin masu ɗaukar hoton biki da taron siyasa a Nyanya da Karu da Jikwoyi. Galibinsa ba shi da tiransfonda, rada ba ta cika kama shi ba, matuƙi ba zai hango shi da wuri ba, batirinsa da ƙarfensa kuma suna iya lalata inji ko farfelar jirgi mai saukar ungulu, wanda dama ƙasa-ƙasa yake bi. A Disamba 2018 rahoton ganin irinsa ya sa aka rufe filin jirgin Gatwik na Ingila, aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000. A Nijeriya sai da izinin NCAA da amincewar ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ake tayar da shi. Iyakar da ƙasashe da yawa suka sa ita ce ƙafa 400, wato mita 120, kuma nesa da filin jirgi. Haka nan 'yar tocilan mai koren haske da yara ke wasa da ita, idan aka haska matuƙi da daddare tana iya kashe masa ido a lokacin da ya fi buƙatarsa. A hana su.

Idan kuma Allah Ya sa ka hau jirgi, ko zuwa aikin Hajji ko zuwa gida, ka ga an zo sauka sai jirgin ya sake haurawa, ko ya yi ta kewaye a sama, ko an jinkirta tashi saboda hazo, kada ka zargi matuƙi da rashin iya aiki. Sau da yawa tazara ce ta ragu, shi ko jami'i suka zaɓi a sake lale. Ka bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa manyan jirage da ƙanana suka fi haɗuwa a kusa da filin jirgi?
2. Jirage biyu suna fuskantar juna, ɗaya yana gudun kilomita 400 a awa, ɗaya 200. Kilomita nawa ke raguwa tsakaninsu a minti ɗaya? Idan hazo ya sa ba a hangen abin da ya wuce kilomita 2, sakan nawa suke da shi? Ya isa?
3. Na'ura ta ce hau, jami'i ya ce sauka. Wa za a bi, kuma wane haɗari ya sa aka yanke haka?

Ku rabu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya sami mai babbar waya. Ku buɗe manhajar Flightradar24, ku nemo Abuja, ku zaɓi jirgi ɗaya mai shirin sauka, ku rubuta hawansa da gudunsa duk bayan minti ɗaya har ya taɓa ƙasa. Abin da kuke gani daga na'urorin jiragen yake fitowa, saboda haka wanda bai bayyana kansa ba ba lalle ne ku gan shi ba. Wanda kuma yake da ɗa ko ƙani ko maƙwabci mai ɗaukar hoto da jirgi maras matuƙi, ya tambaye shi ko yana da izini da kuma iyakar hawan da yake kai shi, ya zo mana da amsa a darasi na gaba.